Ranar da muka je tafki muka tarar da toka



Akwai wata tafiya da har gobe idan na tuna ta sai kunya ta kama ni. Wata shekara bayan girbi, na raka ma'aikatan wata likita zuwa wani tafki a yankin kiwo, za a yi wa yara allurar rigakafi, a kuma auna mata masu ciki. Mun tashi tun asuba a mota ɗaya. Majo yana gaba kusa da direba, ni da unguwarzoma muna baya, akwatunan sanyi biyu cike da magani a tsakaninmu. Takardar tsarin aiki da ke hannun majo ta nuna akwai rugage da yawa a bakin wannan tafki, kuma ranar nan ce aka ware musu.

Da hantsi muka isa. Babu ruga ko ɗaya. Tafkin ya ƙafe har taɓonsa ya tsattsage, sai busasshen kashin shanu da duwatsun murhu da toka. Can muka hango wani saurayi bisa raƙumi, muka ɗaga masa hannu. Ya ce ai mutanen sun kusa mako uku da tashi, wasu sun gangara kudu cin karan gonaki, wasu sun nufi wata rijiya da ke yamma. Majo ya tambayi direba ko za mu iya bin su. Direba ya ce man da ya rage na komawa gida ne kawai. Muka juya. Man da aka ware wa makiyaya na wannan wata ya ƙone a banza, a rahoto kuma aka rubuta cewa an je ba a samu mutane ba.

Abin da ke ba ni kunya shi ne ina cikin zauren da aka sa wannan rana. Ni ne ma'aikacin da aka sani yana yawo cikin makiyaya, don haka aka dube ni aka ce, ranar ta yi? Na ce ta yi. Ban tambayi arɗo ko ɗaya ba. Na tuna na taɓa ganin shanu a tafkin a irin wannan lokaci, ban tuna cewa damanar waccan shekara ta fi ta bana ruwa ba.

Tun daga nan na sa kaina koyon yadda ake ɗinka tsarin aikin likita na shekara, daga ina ake samo lissafinsa, wa ke zama a wurin, kuma ta wace ƙofa makiyayi zai shigar da maganarsa. Abin da na koya ke nan nake so mu tattauna, domin yawancinmu muna ganin mota ta zo ko ba ta zo ba, amma ba mu san inda ake yanke zuwan nata ba.

Komi daga kaye yake farawa

Duk wanda ya taɓa kai yaro likita ya ga majo yana rubutu a babban kaye: suna, shekaru, gari, ciwo, magani. A ƙarshen wata ana tattara abin da ke cikin kayen nan a yi rahoto, a aika gundumar kiwon lafiya, inda ake shigar da shi kwamfuta. Cututtukan da ke saurin yaɗuwa, irin su ƙyanda da sanƙarau da kwalara, ba a jiran ƙarshen wata, kowane mako ake ba da labarinsu. Idan shekara ta zo ƙarshe, babban likitan gunduma yakan tara majo-majo na likitocin da ke ƙarƙashinsa, da wakilan kwamitocin lafiya, da hukumomi, da ƙungiyoyin da ke taimakawa da kuɗi. A duba abin da aka yi da wanda ba a yi ba, a fitar da matsalolin da suka fi tsanani, sannan a rubuta tsarin shekara mai zuwa: aiki kaza, a wata kaza, da kuɗi kaza.

Ma'aikatar kiwo ita ma haka take yi da nata kayen. Komin kuma tana da babban tsarin raya ƙasa na shekara biyar, wanda daga cikinsa ake cire ayyukan kowace shekara, kamar gina ƙaramar likita, ko shingen yi wa shanu allura, ko gyaran rijiya.

A takarda wannan tsari ba shi da laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne, kaye ba ya ɗaukar sai wanda ya zo. Matar da ta haihu a ruga jini ya ɓalle mata ta rasu kafin a samu abin hawa, ba ta cikin kaye. Yaron da zazzaɓi ya kayar a mashekari mai nisan yini guda da likita, ba ya ciki. Idan aka buɗe rahoto a ƙarshen shekara, sai a ga kamar yankin kiwo ya fi ko'ina lafiya, alhali rashin zuwa ne ya sa shafinsa ya zama fari.

Sai kuma maganar yawan jama'a. Kafin a ce yara nawa za a yi wa allura, sai an san yara nawa ne a yankin. Ba a ƙidaya mutane kowace shekara. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya a Nijar, kuma an yi shekaru ana ɗora ƙarin kashi 3.9 cikin ɗari a kan wannan adadi duk shekara, a raba wa kowace likita nata kason. Ga gari mai zaune wuri ɗaya lissafin yana iya kusantar gaskiya. Ga wanda yake arewacin Dakwaro ko Abalak da damana, yake kusa da iyakar Nijeriya da rani, wace likita ce za ta ce nata ne? Na taɓa ganin likita biyu maƙwabta, kowace tana zaton rugagen da ke tsakaninsu na ɗayar ne. Bisashe ma haka: babbar ƙidayar noma da dabbobi an yi ta ne tsakanin 2005 da 2007, aka ci gaba da ƙiyasi a kanta, alhali kowa ya san abin da farin 2010 ya yi wa garkuna.

Aikin rigakafin yara ana kasa shi gida uku bisa nisa. Waɗanda ke cikin kilomita 5 su ne ake sa ran za su zo da ƙafarsu. Daga nan zuwa kilomita 15 ma'aikaci ne ke fita, galibi da moto. Abin da ya wuce 15 sai tawaga da mota. Makiyayi kusan kullum yana cikin kashi na uku, wanda ya fi tsada, kuma shi ake fara sokewa idan kuɗi suka gaza. Shi ya sa tafiya ɗaya da ta lalace, irin tamu, ba ƙaramar asara ba ce.

Abin da bisashe suka riga faɗa a 2016

Mutanen jihar Tawa ba su manta da damanar 2016 ba. A watan Agusta aka fara ganin mutane a yankin Cintabaraden da Tasara da zazzaɓi mai zafi, wasu idonsu ya yi rawaya, wasu suna zubar da jini. Sai a tsakiyar Satumba gwajin da aka yi a cibiyar Pasteur ta Dakar ya tabbatar da cewa zazzaɓin kwarin Rift ne. Kafin cutar ta lafa, sama da mutum 30 sun riga mu gidan gaskiya, kuma akasarin waɗanda suka kamu masu kiwo ne. Ga shi lokacin ya zo daidai da haɗuwar garkuna a Ingal don shan gishiri.

Wannan cuta sauro ne ke yaɗa ta tsakanin bisashe, musamman a shekarar da ruwa ya yi yawa tafkuna suka cika. Alamarta a garke ba ta ɓuya: tumaki da awaki da shanu da raƙuma su yi ta ɓari, ƴan jarirai su yi ta mutuwa. Mutum yakan ɗauka ne wajen yanka, ko fiɗa, ko jawo ɗan da ya mutu a ciki da hannu, ko shan madarar da ba a dafa ba. A yankin da mutane suka kamu a 2016, an ba da labarin ɓari da mutuwar bisashe masu yawa. Wato garke ya yi magana, kuma makiyayi ne ya fara jin ta.

Matsalar ita ce labarin ɓarin tunkiya hanyarsa daban, labarin zazzaɓin mai tunkiya hanyarsa daban. Ɗaya ya nufi ma'aikatar kiwo, ɗaya ya nufi likita, kowane ya hau sama ta tsaninsa, wani lokaci sai a Yamai za su gamu. A garuruwa da yawa ofisoshin biyu ba su fi tafiyar minti goma da juna ba. Yau ana yawan maganar “lafiya ɗaya”, ma'ana lafiyar mutum da ta dabba da ta daji duk a haɗe suke. Ni dai ma'aunina mai sauƙi ne: majo yana da lambar wayar likitan dabbobi? An rubuta a tsarin shekara cewa za su zauna tare sau kaza? Idan babu, maganar ta tsaya a taron bita.

Muka koma gindin itace

Shekarar da ta biyo bayan tafiyar toka, kafin taron gunduma, muka roƙi a ba mu kwanaki mu je mu tambayi mutanen da kansu. Ni da majo da wani ma'aikacin kiwo, da ɗaya daga cikin samarin nan da aka horar suna yi wa bisashe magani a rugage. Mun zaɓi ranar kasuwa, muka aika wa arɗo tun mako guda kafin nan.

Ba mu fito da takardar tambayoyi ba. Muka share ƙasa a gindin wata aduwa, muka ce su zana mana ƙasarsu. Da farko aka yi ta dariya. Wani dattijo ya karɓi sanda ya ja layin kwari, ya ja burtali, aka sa duwatsu a matsayin rijiyoyi, kashin raƙumi a matsayin tafkuna. Nan gardama ta tashi, kuma gardamar ce muke so: wannan tafki yana kai watan kaza, a'a, sai in damana ta yi kyau, waccan rijiya ta rufta tun bara, wannan burtali gona ta cinye shi, yanzu sai an zagaya. Cikin awa biyu muka samu taswirar da babu irinta a ofis. A kanta na ga tafkinmu na bara, na tambaya yaushe ake barinsa. Dattijon ya ce, “Malam, wannan ai kasko ne. In ruwa ya ɗauke da wuri, ko girbi ba ya kaiwa.”

A kan taswirar nan ne kuma aka nuna mana wurare biyu da aka ce ba a kiwo a cikinsu farkon damana, domin shanu na faɗuwa. Ma'aikacin kiwo ya yi ta tambaya: dabbar takan mutu farat ɗaya? Jini baƙi yakan fito ta hanci da dubura, ba ya daskarewa? Aka ce haka ne. Alamun ciwon saifa ke nan. Ƙwayar wannan cuta tana iya yin shekaru masu yawa a cikin ƙasa inda mushe ya zubar da jini, shi ya sa ake hana feɗe irin wannan dabba, balle cin namanta ko jan fatarta. Majo ya yi shiru, sannan ya ce ya tuna wasu mutane da suka zo masa da ƙurji mai baƙin tsakiya a hannu, daga wajen nan. A kayensa an rubuta su a matsayin masu gyambo.

Bayan taswira sai lissafin lokuta. Aka ja layi huɗu, damana da kaka da dari da rani, aka tambaya a kowane lokaci ina mutane suke, wane ciwo ke damun bisashe, wane ke damun mutane, yaushe nono ke yawa, yaushe yake ƙafewa. Daga nan muka kawo tsakuwa 100. Aka lissafa cututtukan da suka ambata, kowace aka ba ta alama a ƙasa, aka ce su raba tsakuwar bisa ga wadda ta fi cutar da su. Wanda bai taɓa shiga lakwal ba yana iya wannan lissafi sarai, kuma idan wani ya zuba son ransa sauran sukan kwashe su mayar.

Maza suka tara tsibi mafi girma a kan ciwon huhun shanu, sai zawo da majinar da ke kashe awaki da tumaki. Da muka zo kan cututtukan mutane suka ce zazzaɓi, suka yi gaba. Unguwarzoma ce ta matsa a yi zaman mata daban, a bayan runfunan kasuwa, kuma Allah ya saka mata. Tsibin mata bai yi kama da na maza ba ko kaɗan. Nasu mafi girma yana kan haihuwa: naƙuda mai tsawo, zubar jini, da rashin abin da zai kai mace likita da dare. Sai ramar yara a ƙarshen rani lokacin da shanu suka yi nisa da nono. Wata tsohuwa ta riƙe tsakuwa uku a hannu ta ƙi ajiyewa. Unguwarzoma ta ce, “Inna, waɗannan fa?” Ta ce, “Ɗiyata, na kare ne, ba ku sa masa wuri ba.” Ashe wani yaro ya rasu a rugarsu bayan cizon kare, da tsoron ruwa da sauran alamun da kowa ya sani, ba a kai shi ko'ina ba.

Haukan kare idan alamunsa suka bayyana babu magani. Amma ana iya tare shi: a wanke ciwon da ruwa da sabulu na tsawon minti 15 nan take, a garzaya likita a fara allura, ba a jira a ga abin da zai faru ba. Babu wanda ya taɓa gaya wa matan nan haka, domin babu cizon kare a rahoton yankinsu.

Kada in yi muku daɗin baki, wannan hanya ita ma tana da ramukanta. Mutane suna da wayo: idan suka ga motar masu aikin rijiyoyi, ƙishirwa ce za ta ci tsakuwa, idan ta masu maganin dabbobi ce, kowace saniya ba ta da lafiya. Idan arɗo ya fara zuba nasa, da wuya talaka ya saɓa masa, shi ya sa muke roƙonsa da girmamawa ya bari sai ƙarshe. Yawan garke kuwa, ban taɓa tambayar mutum shanunsa nawa ba, kuma ba zan fara ba. Wanda kakansa ya biya jangali yana da dalilin yin shiru. Muna tambaya ne a kan kashi: cikin goma, nawa suka yi ɓari bana? Sannan duk abin da aka faɗa a gindin itace sai mun gwada shi da wani abu: kayen majo, abin da mai duba nama yake gani a huhu da hanta a mahauta ranar kasuwa, da irin maganin da ya fi fita a shagon likitan dabbobi mai zaman kansa. Inda uku suka haɗu, mun kama gaskiya. Inda suka saɓa, sai a koma a sake tambaya.

A zauren taro

Matsaloli kullum sun fi kuɗi yawa, don haka dole a zaɓa. Tambayoyin da ake yi wa kowace matsala ba su da wuyar ganewa: mutum nawa take taɓawa, tana kisa ko tana kwantarwa kawai, kuma akwai abin da za mu iya yi mata da abin da ke hannunmu? Zazzaɓin cizon sauro yana cin gaba a ko'ina, kuma da gaskiyarsa. Amma ko a nan akwai abin da makiyayi zai ce. Maganin kariya da ake ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata a tsawon damana, gida-gida ake raba shi, a daidai lokacin da rugage suka yi arewa. Idan ba a rubuta masu rabawa na musamman da za su bi tafkuna ba, yaran makiyaya ba za su gan shi ba.

Na koyi tsoron wani irin layi da ake yawan rubutawa a tsari: “wayar da kan makiyaya”. Ba rana, ba wuri, ba sunan mai yi, ba ko dala a gabansa. Irin wannan layi yana nan ne don kada a ce an manta da ku. Layin da ke aiki shi ne wanda ya ce tawaga za ta je rijiya kaza a mako kaza, majo kaza ne da alhaki, mai lita kaza, kuɗin daga aljihu kaza. Idan wakilinku ya je taro, abin da zai nema ke nan a karanta masa, da Hausa ko Fulatanci ko Tamajak, kafin a tashi.

Mu abin da muka kai zauren a wannan shekara shawara ce guda: a haɗa fitar likita da fitar allurar bisashe. Kowace shekara, daga lokacin dari zuwa farkon rani, ana yi wa shanu rigakafin ciwon huhu, awaki da tumaki kuma na annobar da ake kira PPR, wadda duniya ta sa wa'adin 2030 don kawar da ita kamar yadda aka kawar da bushiya a 2011. Akwai ɗakin bincike na ƙasa a Yamai, LABOCEL, da ke sarrafa magungunan rigakafin dabbobi. Makiyayi yana kawo garkensa wurin allura, iyalinsa kuma ba su da nisa. Maganin mutum da na dabba duk sanyi suke so, mota ɗaya tana iya ɗaukar akwatunan kowa, ko da yake ba a haɗa su a akwati ɗaya. Ba mu ne muka ƙirƙiro dabarar ba. A Cadi an gwada ta tun shekarar 2000 a cikin makiyaya masu yawo, aka yi wa shanu da yara da mata allura a fita ɗaya, kuɗin tafiya ya ragu, aka kuma kai ga yaran da ba a taɓa kaiwa gare su ba.

An yi ja-in-ja. Wa zai sayi mai? Ma'aikatan kiwo suna fara aiki da sassafe kafin shanu su fita, na likita sun saba da hantsi. Kuɗin wannan yana fitowa a wata kaza, na wancan sai bayan wata biyu. Duk gaskiya ne. A ƙarshe aka amince da gwaji a wurare uku, rijiyoyi ba tafkuna ba, domin rijiya ba ta gudu.

Ma'aikacin kiwo ya kawo wani abu da ban taɓa ganin an kawo a taron likita ba, wato lissafin ciyawa. A ƙarshen kowace damana ma'aikatarsu tana auna ciyawar da daji ya fitar, ta gwada da bukatar bisashe. Ana lissafin cewa dabba mai nauyin kilo 250 tana cin kilo 6.25 na busasshiyar ciyawa a rana, wato kusan tan 1.7 a watanni 9 na rani. Idan ciyawa ta gaza, garke zai tashi da wuri, zai yi nisa, nono zai ƙafe, farashin dabba zai faɗi na hatsi ya hau. Majo da ya san haka tun watan Nuwamba zai iya matso da fitarsa, ya kuma nemi ƙarin abincin yara masu tamowa kafin layi ya yi tsawo a ƙofarsa. Wannan lissafi yana nan kowace shekara, a ofishin da ke maƙwabtaka da shi.

Inda ƙungiya take shigowa

Na ga ƙungiyoyin makiyaya da yawa suna zuwa wurin hukuma da kuka, kukan kuma na gaskiya ne, amma suna zuwa a watan Maris, lokacin da an riga an rubuta tsari an raba kuɗi. Lokacin magana shi ne ƙarshen shekara, daga kaka zuwa shigowar dari. Ku tambayi majo da shugaban ma'aikatar kiwo na komin ɗinku yaushe ne zaman, ku nemi kujera. Kowace likita tana da kwamitin lafiya na jama'a, kuma sau da yawa idan ka duba membobinsa duk mutanen cikin gari ne. Ba doka ce ta hana makiyayi shiga ba, ba a neme shi ba ne, shi ma bai nema ba. In za ku tura wakilai, ku haɗa da mace. Tsakuwar bayan runfa ta koya mini wannan.

Kada kuma wakili ya je hannu rabbana. Ƙungiyar da muka yi aiki da ita ta sayi kaye na ƴan daloli, ta ba wani saurayi da ya yi karatun allo, yana rubutawa da ajami. Abin da yake sawa kaɗan ne: rana, wuri, abin da ya faru. Ɓari a garken wane, awaki sun mutu a rijiya kaza, kare ya ciji yaro, mace ta rasu wajen haihuwa, jariri an haife shi. Ba a rubuta yawan dukiyar kowa. Ranar da ya buɗe kayen nan a gaban babban likitan gunduma ya fara karantowa, zauren ya yi tsit, domin mace-macen da ya lissafa babu ko ɗaya a rahotonsu. Likitan ya ce a ba shi kwafi. Amma abu irin ɓari mai yawa a lokaci ɗaya, ko dabba ta faɗi jini na fita, ko mutane biyu uku su kwanta da ciwo iri ɗaya bayan cin nama, wannan ba na jiran taro ba ne. A kira ma'aikacin kiwo da majo a ranar, dukansu biyu.

Gwajin rijiyoyi uku bai tafi yadda aka rubuta shi ba. A ta farko komi ya yi daidai: shanu a shinge, mata a inuwar mota da katunan yara, unguwarzoma ta auna masu ciki har la'asar. A ta biyu kuɗin mai na ɓangaren likita bai fito a kan lokaci ba, ma'aikatan kiwo suka tafi su kaɗai. Allurar yara kuma ba ta sau ɗaya ba ce, akwai wadda sai an maimaita sau uku da tazarar wata guda, kuma har yanzu ba mu warware yadda za a cika wa yaran da iyayensu suka ƙetara Nijeriya bayan zagayen farko ba. Abin da muka iya shi ne roƙon iyaye mata su riƙe katin kamar yadda suke riƙe kuɗin nono, su nuna shi a duk likitar da suka tarar.

Ta uku kuwa, saura kwana shida a fita, wayata ta yi ƙara da dare. Saurayin nan mai kaye ne. Ya ce arɗo yana gaishe ni, ya ce a gaya mini rijiyar ta fara jan ƙasa, jibi mutane za su koma wadda ke gabas da ita. Na kira majo, majo ya kira ma'aikacin kiwo, aka goge sunan rijiya a takarda aka rubuta wani. Da muka isa, tun daga nesa muka hango ƙurar shanu.